Wasiƙa daga Birmingham

Yaya,

 Ka gaida Hajiya, ka ce maganinta na hanya. Zancen fili kuma a bar shi sai mun yi waya, yau labari nake tafe da shi.

Ƙaninka ya zauna a teburin gwaninta a zauren NEC, wurin bajekolin ƙananan jiragen ƙasa na watan Nuwamba! Maƙwabcina ne ya ja ni, wani dattijo da ya ga ina liƙa wayar rediyonsa, ya rantse hannuna ya fi ƙarfin rediyo. Ana sayar da kan jirgi gunduwa-gunduwa a kwali: fallen tagulla, da farin ƙarfe mai laushi na kuza da dalma. Kai za ka goge da magagari, ka lanƙwasa, ka liƙa. Girmansa kashi ɗaya cikin 76 na jirgin gaske, tsakanin dogo da dogo milimita 16.5. Dalmar da ake liƙa farin ƙarfen da ita tana narkewa a zafin digiri 70, don haka in liƙi ya karkace sai a tsoma a tafasasshen ruwa ya wargaje, a sake. Shi ya sa dattijon ke gadin kofin shayinsa kamar kwastan a bakin boda, kada wani jirgi ya faɗa.

Amma ga abin da ya hana ni barci. Mutum zai ƙare hunturu guda yana gina jirgi, ya ƙirga kan kowace ƙusa da tabarau biyu a hanci, ya yi fenti har kana ganin fuskarka. Sannan, Yaya, sai ya ɗauko buroshi ya ɓata shi! Da gangan! Ya shafa tsatsa, ya barbaɗa kunkunniya, ya ɗiga baƙin mai a gefen taya. Dattin ma saye ake yi, a 'yar kwalba, da fam na Ingila, kala-kala. Na ga furfura biyu sun kusa ba hammata iska kan ko tsatsar wani tarago ta yi ja da yawa. Wanda jirginsa ya fi dauɗa shi ake yi wa tafi. Na ce musu ina da ɗan'uwa mai mota a Kano, shekara da shekaru yana wannan fasaha kyauta, bai san gwani ba ne. Suna gaishe ka da girmamawa. Ka tara ƙurar harmatan a buhu kada Hajiya ta share, arziki ne.

Yara sun yi layi suna kallon yatsuna. Wani ya tambaya a ina na koya, na ce a rumfar babana. Na faɗa musu jirgi ya iso Kano tun 1911, shi ya kwashi dalar gyaɗarmu zuwa Legas, sai dattijon ya cire tabarau ya ce in maimaita. Da na fito, ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu, ga dariya cike da cikina, babu wanda zan juye wa da Hausa a tasha.

Yanzu dattijon ya kafe sai mun gina tashar Kano. Don Allah ka tura Sadiƙu ya ɗauko hoton ginin ta kowane ɓangare, har rufin. Kada ya goge komai. A haɗo da yaji da kilishi.

Ƙaninka,
Habibu