Masu Amalanke da Masu Riga: Jama'ar Shara a Kafanchan

A farkon shekarun 1940 wani akawu da ke aiki a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a ya tsinci kan mutum na yumɓu cikin ƙasar da aka tono. Bai tsaya tambayar wa ya ƙera shi ba. Ya kai shi gonarsa ta doya, ya ba shi aikin tsorata masu ɓarna. Shekara guda kan yana gadi ba albashi, kafin ya faɗa hannun Bernard Fagg, Baturen da ya ga kamarsa da abin da aka taɓa tonowa a Nok a 1928. Daga baya masana suka ce shekarun irin waɗannan kawuna sun haura 2,000. Akawun dai abu ya gani a yashe, ya sama masa sana'a, kuma har gobe Kafanchan cike take da magadansa.

Babbarsu ita ce uwar gidan da ba ta taɓa yarda cewa abu ya ƙare ba. Baƙon da ya buɗe firij ɗinta ya ga robar askirim, kada ya yi saurin haɗiye yawu: daddawa ce a ciki, ko sauran miyar karkashi ta shekaranjiya. Gwangwanin Bournvita kuwa ya rabu da Bournvita tun zamanin soja. Yanzu maɓallai ne a ciki da allura da katin asibiti da makullin wani kwaɗo da ya ɓata tuntuni. Robar Swan a hannunta sai ta yi aikin gwamnati mai matakai: ta fara da ruwa, ta koma zoɓo, a yi mata ƙarin girma zuwa kunun aya, sannan man ja, sannan kananzir, kafin ta yi ritaya a bayan gida. Buhun takin da aka zuba wa citta a damina shi ne zai ɗauki cittar zuwa kasuwa da rani, in ya yage a farke shi a ɗinka shimfiɗar shanya, in ya ruɓe a rufe akurkin kaji. Idan 'yarta ta ce, "Mama, don Allah a zubar da wannan bokitin fentin mana, ai ya fashe," sai ta harare ta: "Ke dai ajiye. Da kuɗinki aka saya?" Ba da kuɗin kowa aka saya ba, a wurin masu gini aka roƙo shi.

Wannan baiwar Allah ba ta taɓa halartar taron kare muhalli ba, amma abin da ke fita daga gidanta zuwa bola a wata bai cika kwando ba. Inda ta gaza wuri ɗaya ne, baƙar leda. Da ita take hura gawayi, hayaƙin ya turnuƙe tsakar gida, jikoki na tari, ita tana fifita.

Sai baban bola, mai amalanke da sikeli da guntun maganaɗisu a aljihu. Da maganaɗisun yake ware ƙarfe daga alminiyon da tagulla, domin kowanne da farashinsa a kilo, kuma tagulla ce sarauniya. Abin da ya tara yana bi ta hannun dillali, ya hau tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe na Legas da Ogun, ko ya tsaya a wurare irin kasuwar Panteka ta Kaduna, inda tsohuwar ganga ke wayar gari ta zama murhu. Babu wanda ya kai shi kwashe wa gari datti, kuma babu wanda ake zagi kamarsa. Laifin nasa ne rabi. Shi a fiƙihunsa, duk abin da mai shi ya juya wa baya na minti biyar yasasshe ne: tukunyar da aka kife a ƙofar gida, murfin janareta, kujerar ƙarfen mai shayi. A garin da jirgin ƙasa ya raya tun 1927, lokacin da ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos, ƙarfen da ke kwance cikin ciyawa jarabawa ce babba, kuma hukumar jiragen ƙasa ta daɗe tana kukan masu kwance mata layin dogo. Shi ya sa matan unguwa ke sayar masa da tsohon kwano da hannun dama, suna riƙe da sabon da hannun hagu.

Bayansa akwai masu ƙarasa aikin ba surutu: maƙerin da ke narka gwangwanin lemo ya zuba tukunya da ludayi, da mai yanka tsohuwar taya ya fitar da takalmi da igiyar ɗaure kaya a bayan babur da gugar rijiya. Su ba su da lokacin hira.

Akwai kuma masanin sararin samaniya. Duk unguwa ba wanda ya kai shi lura da hadari. Da zarar iska ta kaɗo daga wajen duwatsun Kagoro, zai fito da buhun shararsa ya tsaya bakin kwata, ruwa na sauka ya juye. "Ai ruwa zai tafi da shi," in ji shi, kuma gaskiya ne, ruwan yana tafiya da shi har ƙofar gidan surukinsa da ke gangare.

Ranar aikin gayya ake ganin sauran. Tsabtar Asabar ɗin ƙarshen wata gado ce daga yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon, wanda aka fara a 1984, lokacin da bulala ce ke raba tsintsiya. Yanzu da bulalar ta kau, riga ce ke fito da mutane. Don haka mutum na farko a fili shi ne mai jiran riga. Tun ƙarfe bakwai yana wurin, ba shebur ba manjagara, tambayarsa ɗaya: "Oga, an kawo kayan?" In ya samu, zai ce ta yi masa kaɗan, a ƙara masa ɗaya saboda ƙaninsa. Daga nan zai tuna yana da ta'aziyya a Zonkwa. A akwatinsa akwai rigar allurar shan inna, da ta ranar muhalli ta duniya ta 5 ga Yuni, da ta jam'iyyu uku masu gaba da juna.

Shugaban taro ba ya zuwa sai rana ta take. Farar shadda, takalmi na sheƙi, safar hannu sabuwa fil a leda. Zai karɓi tsintsiya ta wajen da ba nan ake riƙewa ba, ya yi shara uku, a tafa, a ce "Ranka ya daɗe, ya isa haka." Jawabinsa kuwa minti arba'in, kan illar leda, yana yi yana tsotson fiya wata. Inda ledar ta faɗi bayan ya gama, kowa ya gani, ba wanda ya tanka.

Kusa da shi akwai ɗan hoto, wanda ya fi kowa wahala a ranar, don sai ya nemo tulin sharar da ta fi kyau a waya. Ana iya roƙon masu kwasa su dakata, ko ma su maido da kwando biyu, saboda hoton farko bai fito ba. Kafin azahar Facebook ya shaida cewa matasa sun share gari kakaf.

Mai dashen itace shi ma na nan, kuma niyyarsa mai kyau ce. Yana ganin buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motar Abuja, ya san daga jikin wane daji suka fito, ya kuma san tsadar gas ta mayar da gidaje da yawa kan murhu. Matsalarsa lissafi. Kowace damina yana dasa itace ɗari, kuma a rami ɗari ɗin bara yake dasawa, domin ba wanda aka ɗora wa ban ruwa da rani, ba wanda ya yi shinge. Awakin unguwa sun fi kowa goyon bayan shirin.

Lokacin Kirsimeti da bikin Afan na 1 ga Janairu a Kagoro ne ɗan gari mazaunin Abuja ke dawowa da ilimi. Ya san Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ta haramta robar abinci ta soso a 2024. Ya san gidan da aka gina da dubban robobin ruwa cike da yashi a Yelwa, kusa da Kaduna, a 2011. Duk gaskiya ne. Zai ajiye bokiti uku a tsakar gidan mahaifinsa, na roba da na gwangwani da na sauran abinci, ya tara yara ya yi musu lacca. Da yamma ƙaramin cikinsu zai juye ukun a rami ɗaya ya ƙyasta ashana, domin ba motar da za ta zo ta ɗauka, ko ɗaya ko uku. Bokitan kuwa, ranar da ya koma, Mama ta ƙwace.

Masu yin aikin na gaske ba su cika shiga hoto ba, don suna can bayan tulin. Matan Zumunta ne da ɗaurin zanensu iri ɗaya, waɗanda suka saba share coci da harabar asibiti da dafa wa gidan makoki abinci. 'Yan agajin masallatai da kakinsu. Yaran Boys' Brigade. 'Yan bautar ƙasa da ke fitowa aikin al'umma ko suna so ko ba sa so. Garin ma ya san aikin sa-kai mai tsari: gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996, mai mazauni a Bayan Loko, ta yi suna wajen ba mata ƙaramin rance da koyar da matasa a kan tsofaffin kwamfutoci da aka gyara, waɗanda wasu ƙasashe suka gama da su. Irin waɗannan mutane su ke zuwa da shebur ɗinsu daga gida, su kuma koma gida suna nemansa.

Idan taron ya haɗa da neman gudummawa, kamar gidauniyar marayu ko gwanjon godiyar kaka a coci, sai mai alkawari ya miƙe. Muryarsa ta fi lasifika. Zai sayi doya ɗaya a kan naira dubu ɗari biyu, ya ce a mayar a sake sayarwa, fili ya ɗauki guɗa. Tsohuwar da ta kwance bakin zane ta ajiye naira ɗari biyar ba wanda ya ji sunanta, amma kuɗinta ne kaɗai ma'aji zai iya taɓawa a daren. Na mai alkawari sai an bi shi: a Janairu yana tafiya, a Maris ana sa ran wata kwangila, a Yuni lambarsa ba ta shiga. Baɗi shi ne babban baƙo.

Ƙarshen taron sharar kuwa akwai shinkafa, kuma nan ne adadin 'yan sa-kai ke ninkawa uku. Kafin la'asar filin da aka share da safe ya cika da robar abinci da cokulan roba da ledar ruwa. Baban bola, wanda mai gadi ya kora sau biyu da hantsi, zai turo amalanke ya tsince gwangwanaye da robobi, ya bar ledar don ba ta da nauyi a sikeli. Sakataren kwamitin sharar zai dubi abin da ya rage, ya juya wajen shugaba ya ce, "Yallaɓai, wannan fa sai an sa rana." Shugaba ya ce a kawo masa lissafin riguna tukuna.