Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Mai Birki Da Silifa

Mutanen Giginyu ne suka kawo mini ƙararka, tunda sun san ni ne ubangidanka. Sun ce idan ka taho daga Badawa a kan tsohon babur ɗin nan naka, tun daga nesa kake ihun "a kauce!" kana jan silifa a kwalta. Birkin gaba ya yi laushi kamar funkaso, sai hannun ya taɓa kan babur kafin taya ta ji labari. Kai kuma ka ce sammu ne. Wa zai ɓata layarsa a kan wannan akwala?

Zauna in koya maka, kyauta, don na san aljihun Zagezagi. Fara duba irin birkin. Idan na ganga ne mai waya, irin na yawancin Jincheng da Boxer, ko dai wayar ta miƙe, ko lainin ya cinye. Ɗaure notin da ke bakin tayar. In ka kai ƙarshen zarensa bai kama ba, sayi sabon laini. Wayar da silinta ya fara tsinkewa kuwa ba a lallaɓa ta.

Amma naka mai faranti ne, da mai yake aiki, kuma hannunka ya isa ya gano ciwon. Matsa birkin da sauri, ka sake matsawa. Idan ya yi tauri, iska ce ta shiga tiyo. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, ita ke shanye ƙarfinka. Sai bakanike ya kwance ɗan notin da ke ƙasa ya fitar da ita, yana ƙara mai ta sama har kumfa ta ƙare. Idan kuma ka riƙe hannun ya riƙa nutsewa a hankali, robar cikin famfon sama ce ta mutu, ko akwai yoyo. Sannan ka kama tiyon da ɗaya hannun yayin da kake matsawa. In ka ji yana kumbura, tsufa ya cinye shi.

Saura man. Buɗe murfin ka gani. Na san ya yi baƙi, don rabonsa da canji tun kafin gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a Kano a 2013. Man birki yana zuƙar laima daga iska. Sabon mai irin DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 155 ya gama. Ya tafasa, ya zama tururi, birki ya tafi yawo. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. Kuma don Allah kada wayon Zariya ya sa ka ɗura masa baƙin mai, robobin kumbura za su yi su lalace. Abin da aka rubuta a murfin shi za ka saya.

Na ji kana cewa ai ga asibitin Muhammadu Buhari nan a unguwa. To, karaya asibitin Dala ake kai ta, kuma kuɗin ɗori ya sayi tiyo kwando guda. Gobe da safe ka tafi Ƙofar Ruwa ka sayo kayan, amma a Adaidaita Sahu. Kuɗin motar na ɗauke maka, bawa ai nauyin ubangidansa ne. Zan cire a kuɗin sharar bana.