Na Abokina Ne

Daga Anka zuwa Gummi, a ratsa ta Bukkuyum, ban taɓa gamuwa da namijin da ke da matsalar raunin mazakuta ba. Kullum abokinsa ne. Mai magani ya kafa lasifika ranar kasuwa yana jero basir da sanyin mara, sai ka ga Alhaji ya karkato hula, ya raɓo kamar mai neman goro: "Ba ni ƙulli biyu, na wani abokina ne." Allah ya ba abokin nan lafiya, ya jima yana fama.

Na san abin da za ku ce: ɗan boko ya zo raina sassaƙen kakanni. A'a, Baba. Gagan da kuke jiƙawa, yau a Amurka ɗura shi ake a kafso ana karɓar dala, da sunan Fadogia. A Jami'ar Ilorin an gwada shi a 2005, ya kuwa motsa sha'awa. Sha'awar ɓeraye. Da aka ɗauki makonni ana ba su, sai marainansu suka fara nuna lahani. Wanda ya san yana da wutsiya, bismilla.

"Ai ni na sha, rabin awa ya yi aiki!" Au, ba abokin ba ne kuma? To, saiwar da ke aiki da agogo haka, a tambaye ta ko ta kwana turmi ɗaya da Viagra. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan irin wannan gauraye. Mai shan wasu magungunan ciwon zuciya in ya haɗa da shi, jininsa na iya faɗuwa warwas, amarya na ɗaki tana ta turare.

"Amma daga ƙasa ya fito." Dalma ma daga ƙasa ta fito. Mutanen Bagega da 'Yargalma ba sa buƙatar a tuna musu 2010, kuma ban da ɗaruruwan yaran da ta kashe, tana raunana maniyyin manya. Nan babu wasa.

Sau da yawa raunin nan ɗan aike ne daga ciwon sukari ko hawan jini. Jijiyoyin jinin wurin sirara ne, su ke fara toshewa kafin na zuciya. Awon kuwa 'yan mintuna ne a asibiti. Ku kai abokin, Kawu. In kunya ta hana shi, miƙa naka hannun a auna a madadinsa.