Yajin Cin Abincin Fifi

A garinmu ba a taɓa zaman shawara kan abin da kare zai ci ba. Na farauta da na gadi duk tsarinsu ɗaya: ƙanzo in an kankare tukunya, ruwan dusa in an samu, ƙashi ranar kasuwa, saura kuma ya nema da ƙafarsa. Ban taɓa ganin wanda ya shinshina kwano ya juya baya ba. Da wannan ilimin na zo Abuja, da shi kuma na ce "ba komai" ranar da Mama mai gidanmu ta ce za ta Ingila wajen ɗiyarta da ta haihu, za ta bar mini amanar Fifi. Haya nake a ɗakin baya na gidanta a Gwarimpa, kuma akwai ragowar kuɗin shekara da ban cika ba. Wanda ake bi bashi ba ya da a'a.

Fifi 'yar kwikwiya ce mai wata huɗu, irin da ake kira Lhasa Apso. Asalinsu Tibet, inda ake ajiye su a gidajen ibadar mabiya Buda don su yi haushi in baƙo ya shigo. Ko sun gama girma ba sa wuce kilo 6 zuwa 8. Ita a lokacin ba ta kai kilo 3 ba, mafi yawa ma gashi ne. In ta kwanta a tsakar falo sai ka rantse tsumman goge ƙasa aka yar, ba ka gane kai da gindi sai ta yi hamma.

Mama ta miƙo mini kwano, da ragowar abinci a robar fenti mai murfi, da takarda cike da rubutu gaba da baya.

"Ɗana, ka karanta takardar nan da kyau."

"Kada ki damu, Mama. Mu da muka tashi cikin dabbobi."

Teburin karatuna ya daɗe yana girgiɗi. Na ninke takardar na cusa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya tsaya cak.

Muddin akwai abincin robar, zama lafiya lau. Da ya ƙare na shiga wani babban kanti a Wuse, na tarar da layi guda cur na abincin karnuka. Na ɗaga ɗan ƙaramin buhu mai hoton wata halitta irin Fifi, na ga kuɗinsa, na mayar da shi da hannu biyu cikin ladabi. A ƙasa akwai ƙaton buhu mai hoton bajimin karen 'yan sanda, kunnuwa a tsaye, ƙirji a waje, kuma kilo-kilo ya fi araha nesa ba kusa ba. Na yi lissafi irin na mai hankali: abin da ya gina wannan, me zai hana ya gina waccan? Har na fara hango Mama tana dawowa ta tarar da Fifi tana gadin ƙofa.

Na zuba mata. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, da ƙyar bakinta ya rufe a kai. Ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta kai ta ƙarƙashin kujera ta ajiye, ta dawo ta zauna tana kallona ta cikin gashi. Ba haushi, ba kuka. Kallo kawai, na wanda aka ci wa mutunci a gaban jama'a.

Daga nan aka buɗe ciniki. Na kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, ta shinshina ta yi atishawa. Na kawo taliya, ta ja zare ɗaya ta yi wasa da shi. Na buɗe kifin gwangwani, ta cinye tas har da lashe kwano, na kwana ina murna na gano bakin zaren. Washegari na buɗe wani, ta dube shi kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Sai na koma kaza. Ni da garau-garau ke raya ni a ƙarshen wata, ga ni tsaye ina dafa ƙirjin kaza ba gishiri, ina yagawa siriri-siriri, ina hurawa. Ta ci, amma da sharaɗi: a tafin hannuna, ina tsugune. In na sa a kwano ta fasa. Romon da ƙafafuwan dai ni ke shanyewa, kada a yi asara. Wata rana kuma tausayi ya sa na dama mata madara, tunda jaririya ce. Abin da ya samu kafet ɗin Mama a daren nan ba na mujalla ba ne.

Kullum da yamma Mama na kira ta bidiyo.

"Ɗana, nuna mini ita. Tana ci kuwa?"

"Tana ci, Mama. A natse, irin cin manya."

"Na ga kamar ta faɗa."

"Hasken waya ne, Mama."

Da kuɗin kaza ya fara taɓa kuɗin motata, na ce to, an zo wurin. Yunwa maganin muguwar dafuwa. Na cika kwano da ƙwayoyin karen 'yan sanda tun asuba, na ce ko ki ci ko ki bari, na tafi aiki da ƙwarin gwiwar mai tarbiyya. Da la'asar na dawo, kwano yana nan yadda na bar shi. Fifi ta taso za ta tarbe ni, sai na ga tana layi, ƙafafun baya na harɗewa, jiki na karkarwa alhali garin zafi ake. Ta zube a kan takalmina. A wannan lokacin ba ita kaɗai na gani ba, na ga kayana a bakin titi.

Na kwarma wa Baba maigadi kira. Muka sa ta a kwalin taliya, muka tare Keke Napep. Direban ya leƙa kwalin, ya dube ni da hulata, ya dubi Baba da gemunsa, bai ce uffan ba har muka isa asibitin dabbobi. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Likitar matashiya ce, ba ta da ɓata lokaci. Ta ɗaga leɓen Fifi, ta shafa mata ruwan gulukos a dasashi, ta naɗe ta da tawul. Kafin in gama salati idon ya fara dawowa.

"Malam, yaushe rabonta da abinci?"

"Jiya da dare, Likita. Horo nake ɗan yi mata."

Ta ajiye biro. Ta ce ƙaton kare zai wuni bai ci ba ya tashi garau, amma irin wannan 'yar mitsitsiya cikinta kaɗan yake ɗauka, hantarta ba ta da ajiyar sukari mai yawa, ga shi kowane kilo na jikinta yana ƙona abinci kusan ninki biyu na kare mai kilo 40. In ta daɗe ba ta ci ba sukarin jininta ya faɗi, daga layi sai farfaɗiya, daga nan sai abin da ba a fata. Sau 3 zuwa 4 ake ba su a rana har su kai wata 6. In kuma hakan ta sake faruwa, a shafa zuma a dasashi, kada a ɗura, a taho asibiti.

Na nuna mata hoton buhun a waya, ina ɗan alfahari da girmansa. Ta ce na manyan karnuka ne da suka gama girma. Ma'aunin ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wanda kamfanoni da yawa ke bi, ya ce abincin kwikwiyo kada furotin ɗinsa ya gaza kashi 22.5 cikin 100, kitse kuma 8.5; na babba 18 da 5.5 sun wadatar. Sannan ta buɗe bakin Fifi ta ce in matso. Dasashin ja wur, wani ɗan haƙori na gaba yana lilo, wani gurbin babu kowa. Famfara take. Haƙora 28 na yarinta ke zubewa, 42 na girma ke tsirowa, aikin da ba ya kammala sai wajen wata 6 zuwa 7. Da wannan bakin na ce ta fasa dutse.

"Ga kuma abin da kika koya masa," in ji ta, tana magana da Fifi, ba da ni ba. "Kin ƙi wannan an kawo kifi, kin ƙi kifi an kawo kaza. Ko ni ce ai sai in jira in ga mai zuwa."

Ban ga abin dariya ba, amma Baba ya gani.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Likita ta shiga lissafa abin da ba a ba kare: cakulan, inabi da zabibi, dafaffen ƙashi saboda yana tsagewa ya huda hanji, madarar shanu saboda zawo (na sunkuyar da kai don girmama kafet), sai albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, don suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Tana ambaton albasa Baba ya ɗaga kai yana nazarin silin.

"Baba, lafiya?"

"Yallaɓai, ai yarinyar ce take ba ni tausayi. In na sayo tsirena da dare sai ta zo ta zauna. Yanka biyu ne kawai. Wataran uku."

Ashe duk daren da nake tsugune ina lallashi, gimbiya ta riga ta yi walima a ɗakin gadi. Jiya ne kaɗai mai tsiren bai fito ba. Likita ta ɗauki jini don a duba, Allah Ya taimaka Baba mutum ne mai son albasarsa, shi ke tsince ta. Ta ƙara da cewa goro ma haɗari ne, yana ɗauke da sinadaran da suka sa cakulan ke cutar da kare.

"Goro kam ban ba ta ba," in ji Baba. "Ni ma bai ishe ni ba."

Ta ce mu koma kan ainihin abincin da Fifi ta saba, don ko sauyawa za a yi, a hankali ake yi cikin kwana 7, ana haɗa sabo kaɗan da tsoho ana ƙarawa. Meye sunansa? Robar fenti ba ta da suna. Sai na tuna teburina. Da muka koma gida na zaro takardar, na warware: ga sunan abincin, na 'yan kwikwiyon ƙananan iri, ga awo, ga lokuta, ga "BA ALBASA" da manyan baƙaƙe an ja layi biyu, ga lambar wayar likitar nan da kanta. Har yanzu ina ganin da Mama ta faɗa da baki da ya fi, rubutunta ƙanana ne. Na koma Wuse na ɗauko ɗan buhun da na ajiye da ladabi.

Sabon tsarin ba shi da wata gwaninta. A auna ƙwayoyin, a zuba ruwan ɗumi, a bari su jiƙa su yi laushi. Ɗumin ke tayar da ƙamshi, kare kuwa da hanci yake cin abinci: 'yan ƙwayoyin ɗanɗano a harshensa wajen 1,700 ne, namu wajen 9,000. A ajiye kwano minti 15, a ɗauke, sai lokaci na gaba. In ta tsallake ci biyu a jere a kira likita, ba a jira. Kayan lashe-lashe kada su wuce kashi 10 cikin 100 na cin rana. Buhu kuma a ɗaure bakinsa a wuri mai sanyi, don zafin Abuja na lalata kitsen ya canza wari.

Wahalar ita ce kallon. Na gano in ina dubanta ba ta ci, wasan kwaikwayo take. Sai na riƙa ajiye kwanon in juya mata baya in fuskanci bango, ni da digirina, ina kasa kunne. Da farko shiru. Can sai na ji lak, lak, lak. Na waiga don murna, ta tsaya. Na mayar da fuska bango, ta ci gaba.

Ƙaton buhun na kai wa karen gadin maƙwabta, ya cinye rabonsa har da gefen ledar, wanda ya tabbatar mini ilimin garinmu yana nan daram, Fifi ce ba ta je makarantar ba.

Baba kuwa yanzu a wajen get yake cin tsirensa, a tsaye, ya juya wa gida baya. Na ce ya shigo ya zauna mana.

"A'a, yallaɓai. Ta ƙarƙashin ƙofa take leƙo ni. In muka haɗa ido ba zan iya ba."