Akwai Zama?

Mu a majalisarmu ta bakin kasuwar Yalwa, in aka ce wani ya samu aiki, ba albashi muke fara tambaya ba. "Akwai zama?" shi ne abin da ke fara fita daga bakin kowa. Baƙo ya ji sai ya ɗauka taron malalata ne. Alhali kowannenmu da littafi a aljihu, wurin buɗe shi kawai muke nema. Mai yi mana dariya kuwa mukan tuna masa cewa Sarkin Yauri kansa, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, sai da ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau gado. Garin nan ba a jin kunyar takarda.

Gadin dare shi ne sarkin ayyukan. Wani yayanmu da ke tsaron shaguna da tocila ya sauke Iziyya, ya bi Magana Jari Ce har sau biyu. Matsalarsa sauron bakin ruwa. In ka ari littafinsa, kusan kowane shafi da gawar sauro a manne, da ɗigon jini. Na ce, "Yaya, wannan karatu ne ko yaƙi?" Ya ce duka biyun, kuma kada in kankare masa, da su yake gane inda ya tsaya.

POS kuwa yaudara ce. Daga nesa ka ga yaro a ƙarƙashin lema, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ka ce ya more. Zauna ka gani. Kana buɗe shafi, "Cire min dubu biyu." Ka koma, sabis ya ɗauke, kuɗi sun fita ba su shigo ba, sai rigima har la'asar. Gara cajin waya sau goma. Ran kasuwa mutanen gungu su sauko daga jirgi, su jibge maka wayoyi, ka manna wa kowace lamba, su shige cinikin kifi da albasa, ba ka sake ganinsu sai rana ta yi sanyi. In kunnenka ya saba da ƙarar janareta, ka samu makaranta.

A ruwa ma akwai bambanci. Mai jefa birgi ba shi da hannun riƙe komai, masu jan taru a kan warangi kuma kada ma a yi maganarsu. Amma mai kalli da mai mamari, su kafa da yamma, su duba da asuba, tsakani nasu ne. Yaron jirgin fito a Wara ya fi su duka. Jirgi ba ya tashi sai ya cika, kuma tun da aka datse ruwa a Kainji a 1968 kogin ya zama tafki, tsallakawar ma tafiya ce mai tsawo. Littafinsa a ƙulle cikin leda biyu, a cusa a ƙugu.

Yanzu dai yawancinmu a waya muke karatun, littattafan soyayya da ake turowa shafi-shafi ta WhatsApp. Ni ban cika yarda da ita ba, don da niyyar karatu ake ɗaukarta, a ƙare a kallon bidiyo.

Ƙanena ne ya samu aikin da muka yi wa hassada bara, jiran injin ban ruwa a wata fadamar albasa can wajen Shanga. Ka zuba fetur, ka ja igiya, ka juya ruwa daga wannan fangali zuwa wancan, ka koma inuwa. Ranar da ya kai inda za a ɗaura wa yarinyar labarin da yake karantawa aure da wanda ba ta so, ya manta da juyin. Ruwa ya cika fangali, ya fasa kunya, ya shige gonar maƙwabci. Mai gona ya iso yana sababi, shi kuma ya miƙe tsaye, yatsansa na nan a kan shafin, yana cewa, "Baba, a yi haƙuri, saura layi uku."