Ire-iren Mutanen Wurin Gini a Harabar Jami'a

Injiniyan aiki shi ne wanda ake ɗora wa alhakin ganin ginin da aka zana a takarda ya tsaya a ƙasa, a kan kuɗin da aka yanke, cikin wa'adin da aka ɗiba. A jami'o'in gwamnati na Nijeriya yakan kasance a sashen tsara gine-gine ko sashen ayyuka, wani lokaci kuma a kamfanin da aka ɗauko don sa ido. Da yawa daga sababbin ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje da ake gani a wurare irin su Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, da kuɗin TETFund aka yi su. Asusu ne da aka kafa a 1993 da sunan ETF, aka sabunta dokarsa a 2011, kuma daga harajin da kamfanoni ke biya yake samun kuɗinsa.

A makaranta an koya wa injiniya halin siminti da rodi da ƙasa, amma halin mutane ne ke cinye yawancin yininsa. Wurin gini na jami'a kuwa ya sha bamban da na cikin gari, domin kowa a nan mai ilimi ne, kuma kowa ya taɓa gina gida ko yana kan ginawa. Ana iya karkasa mutanen bisa lokacin da kowanne ke bayyana.

Shugaban Sashe Mai Tunawa Daga Baya

Shi za a miƙa wa ginin. A lokacin zane akan aika masa takardu ya duba, ya sa hannu ba tare da ya warware naɗinsu ba, yana cewa, "Ai ku ne masana." Basirarsa ba ta buɗewa sai bulo ya kai linta. Ran nan yake tuna ofishinsa na buƙatar banɗaki a ciki, kuma injin da aka yi oda daga waje ya fi ƙofar ɗakin gwaji faɗi. Ana gane shi da kalmar "ɗan gyara ne kawai", wadda a aikace take nufin fasa bango biyu da sake lissafin ginshiƙi. Da yake shugabancin sashe na wa'adi ne, kafin a gama gyaran wani ya gaje shi, sabon kuma ya fi son ƙofar a inda take tun farko.

Mai Zane

Mutum ne mai son gilashi. Yakan zana bango guda na gilashi zalla yana kallon yamma, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. A hoton da ya fitar daga kwamfuta akwai korayen itatuwa da ɗalibai uku suna murmushi, babu ƙurar hunturu, babu akuya. Yana zuwa wurin aiki da farin takalmi, ya koma da shi fari. In aka tambaye shi ta ina ruwan sama zai sauka daga rufin, sai ya ce za a warware wannan a wurin aiki, wato injiniya zai warware.

Mai Ƙididdiga

Shi ya rubuta kundin da ke ɗauke da farashin kowane tan na rodi da kowace mita ta kankare. Farashin na ranar da aka rubuta shi ne, kuma kasuwar siminti ba ta karanta kundin. Amsoshinsa biyu ne: "Babu shi a cikin bil" da "Sai an rubuto." Yana yawo da tef a aljihu, yakan cire faɗin kowace taga daga kuɗin fenti. Shi kaɗai ne ɗan kwangila ke gaisarwa da hannu biyu, ya kuma tambayi lafiyar yara da sunayensu.

Ɗan Kwangila

Iri uku ne. Na farko shi ne na gaske, mai kayan aiki da ma'aikata da kunya. Yakan gama aikinsa ya tafi, shi ya sa ba a cika tuna sunansa ba.

Na biyu ɗan kafin-alƙalami ne. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta yarda a ba ɗan kwangila wani kaso na kuɗi don ya fara aiki. Wannan yakan kafa allo mai ɗauke da sunayen kowa, ya kewaye fili da kwano, ya haƙa harsashi, sannan wayarsa ta daina shiga. Akan ji ya tafi Umara. Akan kuma gan shi da sabuwar mota. Ramin da ya bari yakan cika da ruwan damina, kwaɗi su tare a ciki kafin ɗalibai.

Na uku ɗan jaka ne, wanda kamfaninsa gaba ɗaya ke cikin jakar hannunsa. Yana karɓar aiki ya sayar wa wani, wannan ma ya sayar, har ya kai hannun mutumin da bai taɓa ganin takardar kwangilar ba. Kowane hannu ya cire rabonsa, don haka rodi mai milimita 16 kan rame a hanya ya iso yana 12. In injiniya ya ɗauko ma'auni, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba injiniya, ai mu 'yan gida ne."

Helman

Shi ne shugaban birkiloli da leburori, kuma ya girmi injiniya nesa ba kusa ba. Ya yarda da awon da aka saba, wato kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Sai dai kwanon siminti a shafe yake zuwa, na yashi kuwa har da tozo. Yana kuma son ƙara ruwa don kankare ya yi daɗin zubawa, alhali yawan ruwa ke rage masa ƙarfi. Hujjarsa ba ta sauyawa: "Ranka ya daɗe, tun ba a haife ka ba muke zuba dakin, ba wanda ya taɓa faɗuwa."

An fi ganin halinsa ranar zuba dakin. Tun asuba injin kwaɓa yake ruri, leburori a jere da kwanuka a ka suna hawa tsanin katako, ƙafafunsu naɗe da takardar buhun siminti. A gefe injiniya ya durƙusa yana cika 'yan ƙananan akwatunan ƙarfe da kankare, waɗanda za a kai ɗakin gwaji a murƙushe a kwana na 7 da na 28 don a san ƙarfinsa. Helman yakan tsaya a kansa da fuskar wanda aka tuhuma da sata. In aka bar masa cika akwatunan, zai yi musu kwaɓi na musamman wanda ginin kansa bai ɗanɗana ba. Duk da haka injiniya mai hankali ba ya raina shi, domin shi ya san wane rafi ne yashinsa ke da laka, kuma in ya dubi gabas ya ce a rufe siminti, gara a rufe.

Farfesa Mai Wucewa

Fanninsa na iya zama tarihi ko ilimin ƙwari. Yakan tsayar da mota, ya sauke gilashi, ya ce, "Wannan rodin bai yi ƙanƙanta ba kuwa?" Madogararsa ita ce gidan da yake ginawa a bayan gari shekara da shekaru. Akwai kuma mai rubuta wa shugaban jami'a doguwar takarda kan illar sare itatuwa, wanda in an bincika sai a tarar a ƙarƙashin darbejiyar da za a sare yake ajiye motarsa. Mafi wuyar sha'ani shi ne farfesan injiniyancin gini, saboda yakan yi gaskiya, kuma shi ya koyar da injiniyan, yana tune da makin da ya ba shi.

Ɗalibi

Ɗalibi mai yanke ya gano cewa hanya mafi kusa tsakanin ɗakin kwana da aji ta ratsa tsakiyar wurin gini, kuma babu shingen kwanon da ya taɓa sauya masa ra'ayi. Shaidar wucewarsa ita ce sawun silifas a sabon daɓe. Ɗan uwansa mai neman shugabancin ƙungiyar ɗalibai yakan liƙa hotonsa a bango tun fenti bai bushe ba. Saboda su ake hana ƙarar inji lokacin jarrabawa. In an shiga yajin aiki, irin na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da ya ɗauki wata takwas a 2022, haraba takan yi tsit yadda aiki zai gudu, sai dai shugaban sashen da za a tambaya ba ya ofis.

Akwai kuma ɗalibin SIWES, shirin koyon aiki da hukumar ITF ta fara a 1973. Ana gane shi da sabuwar hular kwano da littafin da ake sa masa hannu. Ya san lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, amma aikin da aka fi ba shi shi ne sayo ruwan leda.

Ma'aikacin Ofishin Kuɗi

TETFund na sakin kuɗi kashi-kashi, ba a ba da na gaba sai an tabbatar da aikin na baya. Takardar biyan ɗan kwangila kuma sai ta bi ta masu binciken kuɗi da ma'aji da shugaban jami'a. A wannan hanya ake haɗuwa da mutumin da ya san inda kowane fayil yake, ban da wanda ake nema. "Yana sama," in ji shi. In aka hau sama, a ce yanzu ya sauka. In aka dawo, a tarar oga ya tafi Abuja.

Ɗan Kwamitin Duba Aiki

Yakan zo cikin ayari da babbar riga. Hular kwanon da aka ba shi a hannu yake riƙewa, tunda ba ta zama a kan zanna. Zai ƙwanƙwasa bango da yatsa, ya gyaɗa kai, ya tambayi launin fenti. Ba ya hawa bene na biyu. Ɓangaren ziyarar da ya fi tsawo shi ne ɗaukar hoto. Ya bambanta da tawagar hukumar kula da jami'o'i, NUC, mai tantance kwasa-kwasai, wadda jin labarin zuwanta kaɗai ke sa aikin wata uku ya ƙare a mako ɗaya, aƙalla ta gefen da za ta bi.

Shugaba Mai Barin Gado

Shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar. A shekara ta biyar yakan ƙaunaci gine-gine, musamman allon marmarar da ake mannawa a ƙofarsu. Umurninsa shi ne a gama kafin bikin yaye ɗalibai. Injiniya zai bayyana cewa kankare na buƙatar kwanakinsa, a amsa masa da cewa an riga an buga katin gayyata. Akan daidaita da yi wa gaban ginin fenti, a yi hayar janareta, a yanke ƙyalle, a kulle ɗakunan baya da kwaɗo.

Maigadi

Ya san adadin buhunan simintin da suka shigo da rana da waɗanda suka fita da dare, amma amsarsa a gaban kwamiti ita ce ya je alwala. In aiki ya tsaya, shi kaɗai ke ci gaba. Yakan shuka kuɓewa da gyaɗa a gindin allon kwangila, ya ajiye kajinsa a ɗakin da aka zana wa shugaban tsangaya.

Injiniyan Kansa

Shi ma iri uku ne. Na ofis ya san wurin aiki ta hotunan da ɗan kwangila ke turo masa a waya, kuma ɗan kwangila ya san ta inda ake ɗaukar hoto. Mai tsauri yakan sa a fasa ginshiƙin da bai yi ba a gaban kowa, bayan wata biyu a yaba masa, a mai da shi kula da famfunan ruwa. Na uku mai littafi ne. Duk umurnin da aka ba shi da baki yakan rubuta da kwanan wata, ya miƙa biro cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan sa hannu a nan." Rabin 'yan gyare-gyaren da ake nema a nan suke mutuwa.

Dalilin wannan ɗabi'a a fili yake. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma mai hatimi shi ake nema in bango ya tsage. Bayan miƙa gini akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, yawanci 5 cikin 100, na tsawon wata shida, don gyaran abin da ya ɓaci. Yoyon rufi yakan bayyana a wata na bakwai. Kafin lokacin shugaba ya sauka, shugaban sashe ya tafi hutun nazari, ɗan kwangila ya sauya lamba da sunan kamfani, kwamiti ya miƙa rahoto ya watse. Injiniya ne kaɗai ke nan a ofishinsa, kuma abin da zai kare kansa da shi shi ne abin da ya rubuta a littafin.