Tsohon Inji da Masu Taya Shi

Duk ranar da aka sauke tsohon injin babbar mota a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kafin a kwance sarƙar da aka ɗaure shi da ita jama'a sun kewaye shi. Sau da yawa injin Marsandi 911 ne, wato OM352 mai silinda shida, wanda ya cika titunan ƙasar nan tun zamanin da ake haɗa manyan motocin Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat kuma a Kano. Tambayar guda ce: a gyara shi ya koma titi, a wargaza shi a sayar da kayansa, ko a ɗora shi a sikeli? Amsar kuwa ta danganta da wanda ka tambaya.

Na farko shi ne mai injin. Shi tarihi ya kawo kasuwa. Zai gaya maka cewa da wannan inji mahaifinsa ya yi jigilar shanu daga Maigatari zuwa Legas, da shi ya je Makka, da shi ya aurar da 'ya'ya. Duk wannan yana cikin lissafin kuɗin da ya yanka. Ka tambaye shi me ya sa aka sauke injin, sai ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, da ƙafarsa ya shiga gareji." Abin da ba zai faɗa ba shi ne, damina huɗu ta wuce a kansa tun daga ranar. Ko nawa ka taya, "albarka" za ka ji. Tsohon doki dai sai mai shi.

Kusa da shi akwai dillali, wanda bai taɓa riƙe sifana ba amma ya fi kowa rantsuwa. A kunnen mai saye yana cewa, "Alhaji, wallahi ko na Baljiyam bai kai shi ba, ba a taɓa buɗe shi ba." Ya zagaya bayan mai sayarwa ya raɗa masa, "Ranka ya daɗe, ka sallama, wannan gawa ce." Duka maganganun biyu da zuciya ɗaya yake yin su, domin shi injin bai dame shi ba, la'adarsa ce ke ci masa rai.

Sai bakanike mai kunne. Zai sa a ɗaura batir, a jona tiyo cikin galan ɗin gas, a tayar da injin nan a ƙasa. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin bulok, ya kafa kunne a kan mariƙinta, ya lumshe ido. Can sai ya ɗago ya ce, "Lamba huɗu ce ke kuka." Wani lokaci yana da gaskiya, don ƙwanƙwasar metal da ta ci ba ta ɓuya ga wanda ya saba. Hayaƙi ma yana karanta shi: shuɗi, injin na shan baƙin mai, ringi sun gaji; baƙi, gas ya fi iska yawa, a duba nozul da famfo; fari mai yawa da ya ƙi yankewa bayan inji ya yi zafi, a yi zargin ruwa na shiga silinda. Matsalarsa ɗaya: bai taɓa jin injin da ba ya gyaruwa ba, saboda shi za a ba gyaran.

Akwai makushi, wanda ke zuwa da fuska a yamutse. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza a yatsa, ya yi tsaki. Ya shuri injin da ƙafa ya ce ko kyauta aka ba shi sai ya yi shawara. Ya juya zai tafi, ya yi taku goma, ya dawo wai ya manta wata magana. Kowa a wurin ya san kuɗin na cikin aljihun 'yar cikinsa, kuma tun jiya bai yi barci ba saboda wannan inji.

Mai wargazawa kuwa kallon mahauci yake yi wa injin, kafin ka ƙifta ido ya raba shi kashi-kashi a ransa. Famfon gas na da mai nema a Zariya, karanshaf akwai wanda ya yi masa waya tun makon jiya, kan silinda da kik da altaneta kowanne da kuɗinsa. Ya san sirrin da mai injin bai sani ba: mataccen inji yakan fi kawo kuɗi a warwatse fiye da a haɗe. Shi ya sa in bakanike ya ce zai gyaru, sai ka ga ransa ya ɓaci.

A gefe ɗan gwangwan na zaune kan baronsa, ba ruwansa da musu. Marsandi ko Bedford ko DAF, duk kilo ne a wurinsa. Ɗan maganaɗisunsa na aljihu: inda ya kama ƙarfe ne, inda ya ƙi kamawa alminiyam ne ko tagulla, kuɗinsu ya fi. Tayinsa ya fi na kowa ƙasa, haƙurinsa ya fi na kowa yawa, domin ya san duk injin da ke kasuwar wata rana hannunsa zai zo.

Na baya-bayan nan shi ne saurayi mai waya. Ya goge lambar injin, ya ɗauki hoto, ya gano nawa ake sayar da irinsa a Jamus, ya buga da canjin yau, ya faɗi kuɗin da ya sa mai injin ya gyara zaman hularsa. Ka ce masa ya nuna maka inda ake zuba baƙin mai, sai ya ce sabis ya ɗauke.

Na ƙarshe tsohon bakanike ne da ba ya son hayaniya. Shi ba ya taya inji a rufe. Da farko ya sa dogon ƙarfe ya juya karanshaf, ya ji ko ya cije. Sannan ya ce a kwance kwanon ƙasa. In baƙin man ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, ko dai gaskit ya ƙone ko wani wuri ya tsage. In garin ƙarfe na ƙyalli a gindin kwanon, metal ta narke. Ya ciro metal ɗaya ya duba bayanta: in sitanda ce, akwai sauran rai; in an riga an wasa karanshaf har 040, kusan babu abin da ya rage a sake wasawa. Sai ya bi jikin bulok da tocila yana neman tsagewa ko tabon walda, domin fistin da ringi ana sayo sababbi, amma bulok in ya fashe magana ta ƙare. Gani ya kori ji.

Abin dariyar shi ne, ba kasafai ake barin tsohon nan ya yi aikinsa ba. Mai injin ba ya so a buɗe, don gudun abin da za a gani. Makushi ba ya so, kada a tarar injin lafiyayye ne kuɗi ya tashi. Dillali kuma ya san da an buɗe ba mai bukatar rantsuwarsa. Saboda haka sai a yi ciniki a rufe, a tafa, a ce Allah ya sa albarka. Bayan mako biyu wanda ya saya ya kinkimo injin a bayan akori-kura, ya kawo wa tsohon, yana tambaya nawa ne kuɗin buɗewa.